Labarin Hedimasta na riyal 15 a wata: sai da muka saba, mai labarin ya yi mana tazarce

Wata bakwai ke nan ina biyan kuɗin labarin nan na Hedimasta da ake turowa ta WhatsApp, jiya na zauna na yi lissafi na ga riyal 120 cif na zuba a ciki ban da datar da na ƙona, to ina ganin ko gaban alƙali aka je na isa in faɗi albarkacin bakina. Dama mutum uku sun tare ni a ƙofar masallaci suna tambaya wai su shiga ko kar su shiga, ɗaya ma matarsa ce ta aiko shi. Ba zan kama sunan shagon da ake biyan kuɗin ba, ba kuma zan kama sunan mai karantawa ba. Mutanen Jidda sun san inda nake nufi, wanda bai sani ba ya tambayi direbobi.

Ni direban gida ne, sawwag kamar yadda ake ce mana a nan, shekarata tara a gida ɗaya. Wanda bai taɓa aikin nan ba zato yake tuƙi ne aikin, alhali jira ne. Ka kai yara madarasa da sassafe, ka dawo ka kai madam asibiti ko mol, ta ce maka minti goma kai kuma ka san awa uku ce, ka nemi inuwa ka yi fakin ka zauna daga kai sai mukayyif, wato na'urar sanyaya mota. Tun da aka bai wa mata izinin tuƙi a 2018 ake cewa aikinmu ya mutu, ga mu nan dai har yau muna gadin ƙofar mol. A irin wannan zaman ne wani abokina ɗan Maraɗi ya miƙo min iyafis guda ya ce saurari wannan, minti biyar kawai. Wallahi bai ga iyafis ɗinsa ba sai da kashi na farko ya ƙare.

Tsarin ba wuya. Akwai wani shagon gyaran waya a kudancin gari, yana cikin waɗanda rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021 ya taso daga wajejen Sabil, can ake biya, ko hannu da hannu ko ka yi masa tahawil, wato ka tura ta banki, ka tura shaida. Da ka biya sai a jefa ka guruf biyu, ɗaya a kulle yake admin kaɗai ke saka labari, ɗayan kuma na sharhi ne inda ake ta cacar baki har asuba. Alkawarin farko shi ne kashi uku a sati, Asabar da Litinin da Laraba, kowane kashi wajen minti talatin, kuma labarin gaba ɗaya kashi 40 ne. Ku riƙe wannan 40 ɗin don za mu dawo kanta. Kashi ɗaya ba ya kai mega 15, ba ya cin data sosai, wanda kuma ba ya son harkar guruf ana zuba masa a memori ya ƙara riyal 10. Tsofaffinmu da mata masu aikin gida da ba a barin su riƙe waya da rana sun fi sayen memorin.

Mai karantawar, a ba shi haƙƙinsa, Allah ya ba shi murya da iya zance. Ba irin masu karatun nan ba ne da za ka ji suna bin layi suna tuntuɓe kamar ɗan aji uku. Shi kaɗai yake yin muryar kowa, in ya zo kan Hedimasta ya yi ƙasa da murya yana jan kalma, in ya zo kan ministan kuɗi ya shaƙe hanci, in matar shugaban ce ba ya ƙanƙance murya irin ta 'yan daudu kamar yadda wasu ke yi, salon maganar kawai yake canzawa ka gane ita ce. Babu kiɗa sai ɗan kalangu a farko da ƙarshe. Hausarsa ta Kano ce amma yana jefa ta Sakkwato da ta Damagaram a bakin wasu, shi ya sa kowa ke jin kamar da shi ake.

Labarin kansa na wata ƙasa ce da babu ita a taswira. Bai taɓa faɗin sunanta ba, kullum sai ya ce ƙasar nan tamu, babban birninta kuma Babban Birni. Ana noman gyaɗa da auduga, akwai kogi, akwai sahara ta arewa, akwai sarakuna, akwai barikin soja a bayan gidan rediyo. Shi ma shugaban ba a kiran sunansa na yanka, Hedimasta kowa ke ce masa tun daga ƙauye har fadar gwamnati, saboda asalinsa shugaban wata firamare ne. Abin da ya shigar da shi siyasa ma ba wani babban abu ba ne, iskar farkon damina ce ta yaye kwanon aji biyu, ya yi ta zarya ofishin ilimi wata takwas ba a kula shi ba, ranar nan ya kwashi yara sittin da allunansu ya kai su ƙofar ofishin ya ce tunda nan akwai rufi a nan za a yi darasi. Kwana uku aka gyara makarantar. Daga nan aka ce ya fito kansila, daga kansila majalisa, daga majalisa ministan ilimi.

Inda na fara cewa mutumin nan ya san siyasa shi ne yadda Hedimasta ya samu takara. Ba don ya fi kowa ba ne. Manyan jam'iyya uku ne kowa ya ƙi janye wa ɗan uwansa, aka kwana biyu a otal ana rantse-rantse, can da asuba ɗayansu ya ce to mu ɗauko wanda ba shi da kuɗi ba shi da yara, in ya hau mu ne za mu riƙe masa linzami. Aka aika a taso shi daga barci, ya zo da silifas. Duk wanda ya san tarihin gida zai tuna cewa Alhaji Shehu Shagari ma malamin makaranta ne kuma kujerar sanata ya so nema kafin a tsayar da shi takarar shugaban ƙasa a zaɓen 1979, amma mai labarin bai kwafe tarihin kowa ba, ɗiba yake nan da can.

Zangon farko shi ne zumar labarin. Hedimasta ya shiga fada da halinsa na makaranta, ya sa aka sayo rajista irin mai jan bango, taron ministoci ƙarfe takwas, shi da kansa yake kiran suna ɗaya bayan ɗaya kowa ya amsa, takwas da minti biyar a rufe ƙofa. Akwai kashin da ministan kuɗi ya makara, ɗaya daga cikin manyan ukun nan da suka ɗauko shi, ya zo da babbar riga ta sha aiki ya tarar da ƙofa a rufe, ya ƙwanƙwasa, aka leƙo aka ce shugaba ya ce a jira a tashi. Ya tsaya a baranda awa biyu rana na dukansa, direbansa na kallonsa daga cikin mota ya rasa ko ya kawo masa lema ko ya yi kamar bai gani ba. A ƙarshe direban ya zaɓi ya buɗe bonet ya yi kamar yana duba ruwa. Ina fakin a gaban wani asibiti na ji wannan wurin, na yi dariya har wani ɗan Bangaladash mai wankin mota ya leƙo yana tambaya ko lafiya. Sai direba ne zai gane dalilin buɗe bonet ɗin nan.

Kuma lalacewar mutumin ba dare ɗaya aka yi ta ba, wannan ne ya fi burge ni. Ba a ce ya wayi gari azzalumi ba. An fara da ƙanin matarsa da kwangilar taki, aka kawo masa takarda ya karanta ya ajiye ya ce a bari sai bayan zaɓe. Sai rajistar ta koma hannun sakatare. Sai maroƙa suka fara kwana a ƙofar fada. Akwai wani tsoho masinjan makarantarsa ta ƙauye da yake zuwa duk bayan wata biyu da ƙullin daddawa, shi kaɗai ya rage mai ce masa Malam ka yi kuskure, kuma shi kaɗai ake shigarwa ba a bincike. A kashi na 27 tsohon ya zo aka ce shugaba na taro, ya zauna a benci har magariba, ya bar daddawar wajen ɗan sandan ƙofa ya koma tasha. Ba a ce Hedimasta ne ya hana shi shiga ba, ba a kuma ce bai san ya zo ba. Haka aka bar mu. A guruf ɗin sharhi kwana biyu ana faɗa a kan wannan kaɗai.

Daren Juma'a muna haɗuwa wajen wani mai tsire, wanda Larabawan Hijaz ke ce wa siriya suna layi a kansa kamar su suka ƙirƙiro shi, mutanenmu na Sudan kuma su ce agashe. A nan ake ainihin shari'ar Hedimasta. Abokina ɗan Maraɗi ya rantse da Diori Hamani na Nijar ake, malamin makaranta ne, ya yi mulki daga 1960 har sojoji suka kifar da shi a watan Afrilun 1974 ana cikin fari, in kuma maganar tazarce ce to ai Tandja ne, wanda ya yi ƙuri'ar raba gardama a 2009 aka ɗauke shi a Fabrairun 2010. 'Yan Najeriya suka ce kalmar tazarce ma ai tun zamanin Abacha suke da ita, lokacin da jam'iyyu biyar suka tsayar da mutum ɗaya a 1998. Sai wani dattijo Bahaushen Sudan, mutumin Mai Wurno da ke gefen Sinnar, wanda kakanninsa suka taho bayan yaƙin Burmi na 1903, ya ajiye kofin shayinsa ya ce ku yara ba ku san komai ba, duk shugaban da burodi ya kayar namu ne. Ya ce Numairi ya ƙara kuɗin burodi da mai a 1985 ya tafi Amurka, kafin ya dawo an gama da shi sai Alƙahira ya sauka, Bashir kuma shekara talatin yana kai, burodi ya tashi daga fam ɗaya zuwa uku, aka fara daga Atbara a Disambar 2018, Afrilu na zuwa ya tafi. Ɗan Maraɗi ya ce, Baba ai Hedimasta ba soja ba ne. Baba ya ce, ɗana, yunwa ba ta duba kaki.

Ni abin da na lura da shi, mu da ke zaman igama, wato takardar izinin zama, a ƙasar mutane ba mu da bakin siyasa, ba ta nan ba, ta gida ma sai ka waiga kafin ka yi. To ga shi an ba mu ƙasar da babu ita, mu zagi ministanta mu tsige shugabanta da murya sama ba mai cewa don me. Ina ganin rabin kasuwar labarin nan daga nan take.

Kashi na 31 zuwa na 38 su ne tazarce da faɗuwa. An nuna yadda ake haɗa tawagar masu roƙo, a ɗauko sarakuna da malamai da 'yan kasuwa a motocin gwamnati, a rubuta musu abin da za su faɗa, su zo su durƙusa su ce ƙasa za ta rushe in ya tafi, shi kuma ya share hawaye ya ce ba don kansa ba sai don jama'a. Aka gyara tsarin mulki, aka cire tallafi, burodi ya ninka. A goman ƙarshe na azumi ya taho Umara. Kashi na 38 ɗin nan ko shi kaɗai aka sayar min riyal 15 ban yi asara ba. Yana ɗakin otal sama yana kallon Harami, ya kira babban hafsan soja ba a ɗauka ba, ya kira gidan rediyo ya ji layi a kashe, jakadan da jiya ya ɗaukar masa takalmi a ƙofar masallaci aka ce ya fita. Bai tambayi kowa komai ba. Ya leƙa taga ya hango direban ofishin jakadanci yana kwance ƙaramar tutar da ke gaban mota, ya naɗe ta a hankali ya sa a aljihu. Mai karantawa ya yi shiru wajen daƙiƙa goma, har na duba ko waya ce ta mutu, sai kalangu.

Kuma wannan ba ƙirƙira ce mara tushe ba. An yi wa Gowon haka a Yulin 1975 yana taron ƙasashen Afirka a Kampala. Idiagbon, mataimakin Buhari, yana nan ƙasar wajen aikin Hajji aka kifar da su shi da Buhari a Agustan 1985. Wanda ya fi kama ma shi ne Ould Taya na Muritaniya, ya zo jana'izar Sarki Fahad a Agustan 2005, kafin ya koma an karɓe kujerar, jirginsa sai Yamai ya sauka.

To a nan ya kamata a ƙara kashi biyu a yi sallama kowa ya yi addu'a. Ina! Ranar da muke jiran kashi na 39 sai ga saƙon murya, mai labari da kansa, murya a raunane, wai saƙonni sun yi masa yawa, wai akwai wata baiwar Allah a Madina da ta kira shi tana kuka ta ce in labarin ya ƙare ba ta san me za ta saurara ba, wai shi ya so ya tsaya a 40 amma ba zai iya watsa wa jama'a ƙasa a ido ba, don haka an ƙara kashi 20. Na cire iyafis na kalli wayar. Malam, ba kai ne ka karanta mana kashi na 31 da bakinka ba? Har sharar hawayen iri ɗaya. Laifi tudu ne dai. Admin ya saka ƙuri'a a guruf, a ci gaba ko a tsaya, da ya ga masu cewa a tsaya sun fara yawa sai ƙuri'ar ta ɓace, aka sake saka wata mai zaɓi biyu, a ƙara 20 ko a ƙara 30. Watan da ya biyo baya kuɗi ya koma riyal 20. Yanzu muna kashi na 66, na 60 ɗin ma an wuce shi ba ko sanarwa.

Na rubuta a guruf ɗin sharhi cewa ashe Hedimasta biyu ne, ɗaya a labari ɗaya a bayan makirfo. Minti biyar ba a yi ba na ga an cire ni. Washegari bayan na sauke yara na bi ta shagon, na tarar da mai shago ya kifa kai a kan wata waya da ya farke yana hura mata iska. Na ce, Malam, kuɗina na wata bai ƙare ba aka fitar da ni. Ya ce, Alhaji ka yi haƙuri, yaran ne, ka san ba a son rigima a guruf. Na ce wace rigima, gaskiya na faɗa. Ya ɗago ya ce, to ai ita ce rigimar. Ya mayar da ni a take, ya kuma saya min shayi a bufiyar da ke gefe, wannan kam ba zan ɓoye ba, mutumin kirki ne ba ya wulaƙanta kwastoma, ko wata ya ƙare ba ka biya ba yana ɗaga maka ƙafa kwana biyar shida. A zaman shayin ne ya gaya min shi dillali ne kawai, mai labarin yana gida Najeriya, Umara ɗaya ya taɓa zuwa.

Dama na zargi haka. Tun wajen kashi na 44 nake jin zakara na cara a bayan murya, wani kashin kuma janareta ne ke ruri daga farko har ƙarshe, akwai ma inda aka ji yarinya na tallan awara ba a yanke ba. Wannan bai dame ni ba, har daɗi na ji, na kwana biyu ban ji tallan awara ba. Abin da ya dame ni shi ne an dawo da labarin Jidda, garin da muke ciki, a hannun wanda bai san shi ba. Wai Hedimasta ya fito da safe hazo ya rufe gari, hunturu ya farfasa masa leɓe yana shafa man kaɗanya. A Jidda! Garin da in ka fito daga mota gilashin idonka ke yin gumi saboda ruɗuba, wato danshin iska. Wai ya je ofis ranar Lahadi ya tarar a rufe saboda hutu, alhali Lahadi ce farkon sati a nan, hutu Juma'a da Asabar ne tun 2013, kafin nan ma Alhamis da Juma'a ne. Wai ya tare ɗan acaɓa zuwa Balad, tsohon gari. Duk wannan a yafe. Wanda ba zai yafu ba shi ne kashi na 49, inda ya tara magoya baya a Bab Makka da alluna da lasifika yana jawabi ana tafi. Kowa a guruf sai da ya yi dariya, wata ta rubuta cewa kafin ya ce jama'a ai suna Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a kora gida, gaba ɗayansu suna jiran jirgi.

Abin haushin shi ne gaskiyar ta fi abin da ya ƙirƙira daɗi, kuma a garin nan aka yi ta. Idi Amin na Yuganda, wanda shi ne mai masaukin baƙi a taron da aka kifar da Gowon, shekara huɗu bayan nan shi ma ya gudu, ya bi ta Libiya ya ƙare a Jidda, ya zauna sama da shekara ashirin, ya yi yunƙurin komawa a 1989 bai wuce Kinshasa ba aka dawo da shi, ya rasu a Agustan 2003 aka binne shi a maƙabartar Ruwais. Tsofaffin direbobi har yau suna ba da labarin ganinsa a kanti yana sayayya kamar kowa. Ben Ali na Tunisiya shekara 23 yana mulki, ya sauka a nan a Janairun 2011, ya rasu a Satumbar 2019 aka kai shi Madina, kuma duk tsawon zaman nan da wuya ka ji bakinsa sai dai ta bakin lauya. Ana ba ka gida, ana ba ka tsaro, amma siyasa ka bar ta a filin jirgi. Mutumin da ya saba in ya yi tari a saka a labaran ƙarfe bakwai, yau ga shi a falo daga shi sai rimot. Mai labarin da ya iya rubuta naɗe tutar nan, da ya tambayi ko mutum biyu daga cikinmu, da ya fitar da kashi goma masu sa mutum kuka daga wannan shirun kaɗai. Maimakon haka sai ya koma cika mana kunne da ɓoyayyar mata ta biyu da wani akwatin zinare da aka binne da bokan da ya biyo shi har Makka.

Baban Mai Wurno ma ya kawo wata magana da ta zauna min, ya ce in dai ana son nuna tsohon shugaba a ƙasar nan me ya hana a kawo irin Suwar Dahab na Sudan, wanda ya karɓa a 1985 ya ce shekara ɗaya zai yi, shekara na cika ya yi zaɓe ya miƙa, ya koma aikin da'awa, ya rasu a Riyad a 2018 aka binne shi a Madina. Ya ce a haɗa shi da Hedimasta a sahu ɗaya a masallaci a ga wanda zai fara sunkuyar da kai. Na tura wa admin wannan shawarar da sunan Baba, ya saka min hoton babban yatsa, shi ke nan.

Kar in yi zalunci, a cikin ƙarin akwai kashi ɗaya da ya kai na da, na 52. Hedimasta ya ga wasu yaran unguwa 'ya'yan mutanenmu da ba su da takarda ba sa zuwa makaranta, ya fara tara su a garejin gidan da aka ba shi yana koya musu baƙi da lissafi, ya aika aka sayo masa rajista, ya buɗe zai kira suna sai hannunsa ya kama rawa. Wannan kam ya taɓa ni, don yaran nan muna ganinsu kullum. Na ɗauka a nan za a rufe, sai kashi na 53 ya buɗe da akwatin zinare.

Sauran ƙorafin na kasuwanci ne. Minti talatin ya koma sha bakwai, a cikin sha bakwai ɗin ma huɗu talla ce, mai kargo Jidda zuwa Kano, mai turaren wuta, mai maganin basir, sannan gaishe-gaishen waɗanda suka aika masa alheri, Hajiya wance ta Riyad da Alhaji wane na Ɗa'if. Kashi uku a sati ya koma biyu, wani satin ɗaya, uzurin kullum ba wuta ko mura. Ƙarar murya ba ta daidaita, wani kashin sai ka ƙure sifikar mota wani kuma ya fasa maka kunne. Lambobin ma an taɓa rikita su aka saka 57 kafin 56, muka ji mutum ya warke kafin ya kwanta. Memorin kuma ku gwada shi a shagon kafin ku tafi, na abokina ɗan Maraɗi kashi shida ba sa buɗewa, an dai canza masa ba musu.

Ga wanda ke tambaya, shawarata kar ka shiga guruf. Je ka shagon ka ce a zuba maka kashi na 1 zuwa na 38 a memori, ka roƙi a ƙara maka na 52, ka yi ciniki don yana ragewa, ka saurara a hankali kashi ɗaya a rana kar ka haɗiye su dare ɗaya kamar yadda na yi har na kusa makara kai yara. In ka zo inda aka naɗe tuta ka kashe wayarka, labarin ya ƙare a nan ko me admin zai ce. Masu aikin gida da ke sauraro a kicin, ku sani daga kashi na 55 akwai wuraren da bai kamata yara su ji ba, ku sa iyafis.

Ni dai na gaya wa mai shago ƙarshen watan nan zan tsaya, ba zan ƙara ko halala ba. Ko ɗago kai bai yi ba daga wayar da yake gyarawa, ya ce Alhaji haka ka ce wancan watan. Wai Asabar mai zuwa tsohon masinjan nan mai daddawa zai zo Umara.